BABI NA UKU: SAUYA SUNA DA TAMBARI A SANA'AR GINI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar gini da matsayinta a ƙasar Hausa. Wannan babi kuwa zai duba abubuwan da ake sanin magini da su, wato sunansa da alamarsa, da kuma abin da kan biyo baya idan aka sauya su. Za a fara da ma'anar kalmomin biyu, sannan a waiwayi yadda maginan gargajiya suka yi suna, kafin a zo ga kamfanonin zanen gine-gine na zamani da dalilan da kan sa su sake suna. An ɗauki yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a matsayin fagen misali. Muhimmancin batun a fili yake, domin kuwa yawancin mutane sau ɗaya suke gina gida a rayuwarsu, da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, kuma ba su da abin da za su dogara da shi wajen zaɓen wanda za su ba aikin illa sunansa.

3.1 Ma'anar Suna da Tambari

Kalmar suna tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce kalmar da ake kiran mutum ko wani abu da ita, kamar sunan yanka da ake raɗa wa jariri ran kwana bakwai, ko laƙabi, ko sunan sana'a. Ta biyu ita ce shaharar da mutum ya samu saboda halinsa ko aikinsa, shi ya sa ake cewa wane ya yi suna, ko wane ya ɓata sunansa. Suna na farko a rana ɗaya ake raɗa shi, na biyu kuwa sai an shekara da shekaru ana gina shi. Masu iya magana kan ce suna linzami ne, wato shi ke juyo da mai shi idan an kira.

Tambari a asali ganga ce ta sarauta wadda ba a kaɗa wa kowa ita sai sarki. Duk wanda ya jiyo amonsa ya san wanda ake nufi tun kafin ya gan shi. Daga nan ne ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ta zama ana kiran alamar da hukuma ko kamfani ke bugawa a takardunsa da allunansa da sunan tambari. Haka kuma gajeren zancen da kamfani ke liƙawa a ƙarƙashin tambarinsa bai da bambanci da take ko kirari. Ke nan idan an ce kamfani ya sake kama, ana nufin ya taɓa wasu daga cikin abubuwa biyar, ko ma dukkansu: suna, da tambari, da launi, da salon rubutu, da kirari.

3.2 Yadda Maginin Gargajiya ke Yin Suna

Maginin gargajiya ba shi da ofis, ba shi da allo a ƙofar gida. Sana'ar gado ce, ɗa kan tashi yana miƙa wa ubansa tubali da ƙasa har ya kai ga hawa kan gini. Saboda haka sunan gida shi ne sunan kamfani, kuma Sarkin Magina shi ne hukumar da ke rarraba manyan ayyuka, irin su gyaran fada da masallaci da ganuwa, yana kuma tsawata wa wanda ya yi ha'inci. Tambarin magini kuwa yana jikin aikinsa. Masana gini kan gane hannun mutum daga tsayuwar zankwayensa, da yadda ya ɗaure azara a bakan gizo ko ɗaurin guga, da kyan makuba ko lason da ya shafe bango da shi, da irin zanen da ya ƙawata fuskar zaure.

Babban misalin sunan da aiki ya haifar shi ne na Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ƙwarewarsa ta sa aka yi masa laƙabi da Babban Gwani, laƙabin ya danne sunan yankan, har ya zama sunan unguwar da zuriyarsa ke zaune a cikin birnin. A nan sai da aka ga aiki aka sauya sunan. Haka nan Alhaji Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya fara ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962. Masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, sunan maginin ya shiga duniya alhali bai taɓa buɗe kamfani ba.

Sunan Kazaure kansa yana da alaƙa da gini. Tarihin baka ya nuna cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya ga wurin a tsakanin duwatsu, ya ce wajen nan kamar zaure, daga nan sunan ya samo asali. Masarautar kuwa Ɗantunku ne ya kafa ta a 1819, sannan ɗansa Dambo ya dawo da mazauninta Kazaure daga Ɗambatta. Sabuwar hedkwata tana buƙatar fada da masallaci da ganuwa, waɗanda su ne alamun da ake gane garin sarki da su a wancan zamani.

Akwai kuma alamun da ba na mutum ɗaya ba ne. Dagi, alal misali, magina da maɗinka da dukawa duk suna amfani da shi. Gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta riƙe shi a matsayin alamarta, shi ya sa ake ce masa Dagin Arewa. Wannan ya nuna cewa tsohuwar alama tana iya ɗaukar sabon aiki ba tare da ta rasa ma'anarta ta asali ba.

3.3 Shigowar Kamfanoni da Dokokin Suna

Zuwan Turawa ya kawo siminti da bulo da kwanon rufi, ya kuma raba aikin gini gida biyu. A da mutum ɗaya ne ke tsara ginin a zuciyarsa, ya zana shi a ƙasa da ƙafarsa ko da sanda, ya kuma gina. Yanzu kuwa akwai mai zanen gine-gine, wanda ake kira akitek, da ke zana ginin a takarda, akwai kuma ɗan kwangila da birkiloli da ke aza shi. Tun cikin shekarun 1950 ake koyar da zanen gine-gine a Zariya, sashen ya kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Nijeriya, wato NIA, a 1960. Doka mai lamba 10 ta 1969 kuma ta kafa majalisar yi musu rajista, wato ARCON, wadda ita ke da ikon cewa wane ya cancanci a kira shi akitek.

Da aka raba mai zane da mai gini, sai ya zama hannun mai zane ba ya bayyana ga kowa a jikin bango. Dole ya nemi wata hanyar da za a san shi, wato suna a rubuce da tambari a kusurwar takardar zane da kuma allon da ake kafawa a bakin filin gini. Suna ya tashi daga bakin jama'a ya koma cikin rajista. Dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, kuma an maye gurbin dokar da wata sabuwa a 2020. Bisa ga wannan doka, ba a yi wa kamfani rajista da sunan da ya yi kama da na wani har ya iya rikita mutane. Kamfanin da ke son sauya suna sai masu shi sun zartar da ƙuduri na musamman, hukumar ta amince, sannan ta ba shi sabuwar takardar shaida. Abu mafi muhimmanci shi ne, sauya suna ba ya shafe bashi ko alkawari ko shari'ar da ke kan kamfanin. Shi kuwa tambari, dokar alamun kasuwanci ta 1965 ce ke kare shi, rajistarsa ta farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14.

3.4 Dalilan Sauya Suna

3.4.1 Ritaya ko Rasuwar Mai Kamfani

Yawancin kamfanonin zanen gine-gine da sunan wanda ya kafa su ake kiransu, saboda shi mutane suka sani. Matsalar ita ce mutum yana tsufa, kamfani kuwa ana so ya ɗore. A Ingila, kamfanin Richard Rogers Partnership da aka kafa a 1977 ya koma Rogers Stirk Harbour + Partners a 2007, domin a fito da sunayen Graham Stirk da Ivan Harbour, waɗanda suka daɗe suna aiki tare da maigidan. Rogers ya yi ritaya a 2020, ya rasu a Disambar 2021, sai kamfanin ya taƙaita sunansa zuwa RSHP a 2022. Abin lura a nan shi ne sauyin bai zo kwatsam ba. An ɗauki shekara 15 ana sabar wa mutane da magada kafin a cire sunan uban gidan.

3.4.2 Shigowar Sababbin Abokan Tarayya

A Legas, John Godwin da matarsa Gillian Hopwood sun kafa kamfanin Godwin and Hopwood a 1955. Daga baya aka ƙara sunan abokin aikinsu ɗan Nijeriya, kamfanin ya zama Godwin Hopwood Kuye, ana taƙaita shi da GHK. Ƙarin sunan ya sanar da jama'a cewa ɗan ƙasa ya shiga cikin masu kamfanin, tsofaffin sunayen biyu kuma suka riƙe amincin da aka riga aka samu.

3.4.3 Sauyin Mulki ko Mallaka

Lokacin da aka rushe Jihar Arewa aka ƙirƙiro jihohi a 1967, hukumar raya Arewa mai suna Northern Nigeria Development Corporation ta koma New Nigeria Development Company a 1968. An sauya kalmomin amma an bar haruffan nan huɗu, NNDC, yadda suke. Wannan dabara ce ta sake suna ba tare da an zubar da tsohon ba.

3.4.4 Gudun Abin Kunya

Dalili na huɗu ba abin yabo ba ne. Ɗan kwangilar da ya rage siminti ko ya sa rodi marar ƙwari, har gini ya tsage ko ya rufta, yana iya watsar da sunan kamfaninsa ya yi rajistar wani sabo. A gargajiyance hakan ba ta yiwuwa, domin magini ba ya iya sauya gidansu, kuma soron da ya rushe yana nan a unguwa kowa na gani. Suna na takarda kuwa ana iya tuɓe shi kamar riga. Nan ne haɗarin yake ga mai neman a yi masa gini, kuma shi ya sa ya kamata ya tambayi mutanen da ke bayan sunan da ayyukan da suka taɓa yi.

3.5 Misali daga Yankin Kazaure

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano. Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda tare da 'Yankwashi suke ƙarƙashin masarautar Kazaure, suka shiga sabuwar jihar. Haka ma Ɓaɓura, wadda ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim. A rana ɗaya adireshin kowace makaranta da asibiti da kamfani a yankin ya tsufa. Ɗan kwangilar da ya saba neman aiki a ma'aikatun Kano sai ya juya zuwa Dutse, da sabon allo da sababbin takardu.

Babban misalin sauya suna a yankin shi ne na kwalejin kimiyya da fasaha da ke Kazaure. Ko da yake makaranta ce ba kamfani ba, abin da ya same ta daidai yake da abin da kan sami kamfanin zanen gine-gine. An kafa ta a Disambar 1991 da sunan Jigawa State Polytechnic, da rassa a garuruwa daban-daban na jihar. Daga baya aka raɗa mata sunan Sarkin Kazaure Alhaji Hussaini Adamu, wanda ya rasu a 1998, mahaifin Sarki Najib Hussaini Adamu. A 2007 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi reshen Kazaure, ya zama Hussaini Adamu Federal Polytechnic. Gwamnatin jiha ta ci gaba da tata kwalejin a Dutse, tsohon sunan na Jigawa State Polytechnic ya koma can.

Ana iya fitar da darussa uku daga wannan misali. Na farko, kowane sauyi ya biyo bayan wani abu na zahiri ne, wato kafa jiha, da girmama sarki, da sauyin mai mallaka. Na biyu, a sauyin 2007 ba a taɓa sunan Hussaini Adamu ba, kalma ɗaya aka ƙara, don haka mutanen gari ba su ga wani baƙon abu ba. Na uku, sunan da aka bari ba ya mutuwa, yana iya komawa kan wani. Takardar shaidar da aka ba ɗalibi a farkon shekarun 1990 da wadda aka bayar a Dutse bayan 2007 suna iya ɗaukar suna iri ɗaya, alhali zamani da hukumar da ta bayar sun bambanta. Haka yake ga zanen gini. Gida yana iya kai shekara hamsin, ranar da aka tashi yi masa ƙari ko aka shiga shari'a a kansa, sunan da ke kusurwar takardar zanen shi za a nema.

A Ɓaɓura kuwa lamarin ya sha bamban. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a garin a 2021 ba ta da tsohon suna da za ta sauya, sai dai sabo da za ta gina daga tushe, kuma ɗalibanta da gine-ginenta ne za su gina mata shi.

3.6 Matakan Sauya Suna da Tambari

Idan kamfanin zanen gine-gine ya yanke shawarar sake kama, akwai matakan da ya kamata ya bi:

(a) Ya tantance dalili. Idan babu abin da ya sauya a cikin kamfanin, sabon suna ɓarnar kuɗi ne kawai.

(b) Ya bincika a hukumar CAC ko akwai mai irin sunan, ya keɓe shi, ya kuma sanar da majalisar ARCON da bankinsa da hukumar haraji.

(c) Ya zana tambarin da zai fito sarai ko an ƙanƙanta shi a kan hatimi, ko an faɗaɗa shi a allon bakin titi, ko an buga shi da baƙin tawada kaɗai, tun da yake ana yawan kwafar zanen gini da injin hoto.

(d) Ya sauya komai lokaci guda, daga kan takardar wasiƙa da rasiɗi da jikin mota har zuwa shafinsa na intanet, domin suna biyu a lokaci ɗaya yana jawo zargi.

(e) Ya riƙa haɗa sabon suna da tsohon na wani lokaci, ya kuma adana tsofaffin zane-zanensa yadda masu gidaje za su same su.

(f) Ya je da ƙafarsa ya shaida wa tsofaffin abokan hulɗa. A gari irin Roni ko Gwiwa, inda aiki ke zuwa ta hanyar shaidar dangi da maƙwabta, gaisuwa a zaure ta fi talla a jarida tasiri.

3.7 Matsalar Harshe da Karɓuwa

Kamfani yana da ikon zaɓen suna, amma ba shi da ikon tilasta wa bakin jama'a. Hukumar wutar lantarki ta NEPA ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO. Duk da haka kalmar nefa ta riga ta zama Hausa, da ita ake kiran wutar kanta. Haka kuma Bahaushe ya saba raɗa wa gini suna da kansa. Gidan da Hanns Vischer ya zauna a Kano, da laƙabin da Hausawa suka yi masa aka san shi, wato Gidan Ɗan Hausa.

Wannan ɗabi'a tana da tasiri ga masu sana'ar gini. Kamfanoni da dama kan zaɓi dogon sunan Ingilishi ko tarin haruffa don su burge ofisoshin gwamnati. Mutumin da ke son a zana masa gida a Kazaure kuwa ba zai iya furta sunan ba, sai ya ce ofishin wane, ko ofishin da ke kusa da tasha. Sakamakon haka kamfanin ya zama yana da suna biyu, na takarda da na gari, kuma na garin ne ke kawo aiki. Sunan da zai zauna shi ne gajere, mai sauƙin faɗa, wanda ba ya kama da wata kalmar banza ko ta zolaya a Hausa ko Fillanci.

Ta fuskar tambari ma akwai abin lura. Zanko da dagi da bakan gizo alamu ne da kowane Bahaushe ke ganewa da kallo ɗaya, ko bai iya karatun boko ba. Sai dai yawan amfani da dagi ya sa ba ya bambanta kamfani da ɗan'uwansa, kuma da yake mallakar kowa ne, da wuya mutum ɗaya ya hana wasu amfani da shi. Mai hikima shi ne wanda zai ɗauki tsohuwar alama ya sarrafa ta har ta zama tasa. Ya kamata kuma a kiyaye hotunan mutane da na dabbobi a tambari, domin kamfanin da ke fatar a ba shi zanen masallaci ko makarantar Islamiyya zai iya rasa aiki saboda su.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa suna da tambari tsofaffin abubuwa ne a sana'ar gini, siffarsu ce kawai ta sauya. A gargajiyance aiki ke haifar da suna, kamar yadda ya faru ga Babban Gwani. A zamanance kuwa kamfani ke zaɓen sunansa, doka ta tsare masa shi. An kawo dalilai huɗu da kan sa a sauya suna, aka kuma nuna ta misalin kwalejin Kazaure da na NNDC da RSHP cewa sauyin da ya fi karɓuwa shi ne wanda ya biyo bayan dalili na gaskiya, ya kuma bar wani abu daga tsohon sunan. An kuma nuna cewa doka ba ta yarda sabon suna ya ɗauke wa kamfani nauyin tsohon aikinsa ba. Babi na gaba zai yi nazarin sunayen kamfanonin gini da ke yankin ta fuskar harshe, wato ƙirarsu da ma'anarsu da harsunan da aka aro su.